Kan Sarkin da Ban Yanke wa Kunne Ba

Ina tsakar gida ina wanke gero da hantsi ƙanin mijina ya yi sallama. Tun daga sallamar na tsaya. Shi mutum ne da bai taɓa shigowa gidanmu da cikakkiyar sallama ba. Daga zaure yake fara ihu, "Ina matar nan da ta mallake mini yaya?" Ni kuma in ce masa ya koma ya wanke ƙafa, warin kasuwar dabbobi ya riga shi shigowa. Wasan ƙanin miji ne, mun saba da shi tun ina amarya. Ran nan sai na ji ya kashe moto tun daga nesa, ya turo shi da hannu, ya yi sallama a hankali kamar baƙo, ya jira na amsa.

Ya tsaya kusa da randa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Bai taɓa ce mini Yaya ba sai ran nan.

Maigidana ya tafi Belbeji ne wurin wani tsohon abokin aikinsa. Ya kwana a can. Da safe ya fita neman abin karin kumallo, ya faɗi a gaban mai shayi, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Haka ƙaninsa ya gaya mini, idonsa a kan randa. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ci gaba da wanke geron. Na tsiyaye ruwan, na zuba wani, na sake tsiyayewa, har wata maƙwabciya ta shigo ta karɓe ƙwaryar daga hannuna.

A nan Tanut aka kawo shi, a nan aka yi masa sutura. Bayan an dawo daga maƙabarta aka miƙo mini rigarsa a cikin leda. A aljihun akwai tabarau, da gilashinsa mai ƙara girman abu, da wata 'yar batta ta ƙarfe. Na san abin da ke cikin battar. Kan sarki ne na wasiƙa guda ɗaya, shi ne ma dalilin tafiyar. Ban buɗe ba. Na sa ta ƙarƙashin matashi.

Maigidana ɗan makiyaya ne daga arewacin Tenhiya. Lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta ɗauko shi daga bayan awaki yana yaro, ya ƙare a gidan waya na Tanut, can ya yi aiki har ya ajiye. A zamaninsa wasiƙa tana da rai. Daga Libiya ake aiko ta, daga Aljeriya, daga Najeriya, daga Makka. Wanda bai iya karatu ba ya kawo masa ya karanta, in an so a ba shi goro sai ya ce a'a, a bar masa ambulan kawai. Ya jiƙa kusurwar a ruwa, ya ɓamɓare ɗan takardar nan mai haƙora da ake liƙawa, ya shanya ta a inuwa, ya jera a kundi. Danginsa suna dariya. Suna cewa kowa yana tara awaki, nasu yana tara shara. Shi bai damu ba. Da kansa yake kiran kundin "garkena". In ya dawo daga aiki ya ce, "Bari in leƙa garke," ya wanke hannu kamar zai ci abinci.

Ni karatuna bai wuce aji shida ba. Ɗinki nake yi a gida da kekena, kayan yara da zannuwan mata. Shekaru da yawa ban san komai game da garken nan ba sai cewa kada in ajiye ruwa kusa da shi. Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani ya nemi idona. Kullum da safe, kafin rana ta yi zafi, mu zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake faɗowa. Ya ɗauko ɗaya da ɗan hantsaki ya aza a farar takarda, ni in riƙe gilashin.

"Me kike gani, layi ko ɗigo?"

"Ɗigo. Kamar an watsa gero a tabarma."

"To, wannan fotokofi ne. Kawo na gaba."

Tsofaffin na gaske, irin masu raƙumin dawa da masu gauraka da jimina, layuka ne sirara a jere kamar kunyar gona. In ka shafa da ɗan yatsa sai ka ji tawadar ta taso, kamar zanen ƙwarya. Wannan da yatsansa yake ganewa ko da idonsa a rufe. Ya koya mini jera haƙoran wanda ake shakka da na wanda aka tabbatar, baki da baki, a ga ko sun shiga juna. Ya koya mini in taɓa kusurwa da yatsa mai ɗanshi, domin tawadar injin ofis tana narkewa. Ya koya mini in shinshina. Masu jabu suna tsoma sabuwar takarda a ruwan shayi don ta yi ja kamar tsohuwa, kuma duk wanda ya girma a nan yankinmu na Damargu ya san ƙamshin shayi ko da ya bushe.

Abu ɗaya ne ni na gane masa. Wata rana ina duba haƙoran wani, na juya bayansa, na ga kowane rami ya turo takarda waje, ɗan tudu ɗan tudu. Na ce masa wannan allurar keke ce, an cire zare an bi layi. Ya ce in tabbatar. Na ɗauko takarda na bi ta da kekena ba zare, na kawo masa ya shafa biyun. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekarunsa duka a gidan waya bai san tela yana buga kan sarki ba.

In ya tabbatar abu jabu ne, ba ya ƙona shi, ba ya mayar da shi yadda ya zo. Kunne yake yanke masa. A rugarsu kowane gida da irin yankan da yake yi wa kunnen dabbarsa, ko ta shiga garken wani a bakin rijiya an san ta. Shi ma sai ya ɗauki ƙaramin almakashi ya cire ɗan tsinin takarda a kusurwar sama ta dama, yanka biyu da suka haɗu. Ya ce duk inda ya je daga yau an san ya bi ta hannuna, an kuma san abin da yake. Wanda ya kawo masa kaya dubawa tun a zaure yake gaya masa sharaɗin: in jabu ne zai fita da yankakken kunne, in ba ka yarda ba koma da abinka. Wasu sun koma. Wasu sun yarda, suka fita suna zagi. Masu tara kan sarki a ƙasar nan ba su da yawa, 'yan kaɗan ne a Damagaram da Maraɗi da Agadas da Yamai, duk sun san juna ta wayar salula. A tsakaninsu in aka ce abu ya bi ta hannun mutumin Tanut, kuma kunnensa lafiya, gardama ta ƙare. Bai bar gona mai faɗi ba, bai bar shanu ba. Wannan maganar ya bari.

Kafin rasuwarsa wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa kwali guda daga bakin teku, cike da kan sarki a warwatse, wai na wani mai tarawa ne da ya mutu magada suka sayar. Maigidana ya tsoma hannu ya shafa, ya ji akwai na kirki a ciki, ya kuma ji akwai shara. Ya karɓa. Ya ce sai an yi masa aikin ido a Damagaram mu zauna mu tsefe shi ɗaya bayan ɗaya. Saman kawai muka taɓa. A saman nan muka sami wanda ya tafi da shi Belbeji.

Tsoho ne, na zamanin Faransawa, mai hoton raƙumi da mahayinsa. An buga shi da sunan wata ƙasa mai faɗi ta wancan lokaci, daga baya aka bi shi da baƙin rubutu aka sa sunan tamu a kai. Takardarsa ta gaske ce, haƙoransa na gaske ne, layukansa ma haka. Amma baƙin rubutun ya hau sau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya ɗan goce. Maigidana ya ce abu biyu ne. Ko injin gidan bugawa ne ya yi kuskure, in haka ne masu tarawa za su yi rububinsa. Ko kuwa wani ne ya sami na gaske marar rubutu ya danna masa hatimin da ya sassaƙa. Yatsa ba ya faɗa, hanci ba ya faɗa. Sai an jera harufan da na wani da aka tabbatar, kuma mu ba mu da irinsa. Tsohon nan na Belbeji yana da shi. Da ya zo ta'aziyya na aika a tambaye shi. Ya ce maigidana ya iso da yamma haske ya tafi, suka ce su bar shi sai da safe.

Bayan addu'ar arba'in ƙanin mijina ya zo. Ina cikin takaba, don haka yana tsakar gida a kan tabarma, ni ina daga cikin ɗaki bayan labule. Shi dillali ne a kasuwar dabbobi, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. A makon nan ma ya sauke mana buhun gero ba wanda ya roƙe shi.

Ya ce, "Uwargida, na samo wa garken takarda mai saye."

Na ce, "Wa?"

"Wani alhaji a Damagaram, cikin abokan yaya na salula. Duka zai kwashe, kundi da kwali. Bai ce ma zai duba ba. Ya ce kayan yaya ba sa bukatar dubawa. Ko la'ada ba zan karɓa ba, na yaran ne."

Na ce, "Kundin ya duba. Kwalin bai duba ba."

"Wa ya sani?"

"Ni."

"Ke da wa?"

"Ni da kai, yanzu."

Ya yi tsaki. Ya ce, "Ke, ki saurare ni. In na kai akuya kasuwa mai saye ne ke buɗe bakinta ya ga haƙori. Ban taɓa riƙe wa kowa hannu ba. In bai buɗe ba ruwansa."

Na ce, "Wannan bai buɗe ba ne don ya ji sunan mai akuyar."

"To sunan ba na yaya ba ne? Ba 'ya'yansa za su ci ba?"

Ya kawo maganar babban ɗanmu da ke karatun sakandare a lise a Damagaram, da ƙanwarsa, da daminar da ba ta yi kyau ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen takaba in tsefe kwalin, abin da ya fita lafiya a sayar. Ya ce alhaji ba zai jira mace ta gama wasa da gilashi ba, direbansa zai biyo ranar kasuwa, in shirya kayan a zaure.

Da ya fita na je ɗakin maigidana na jawo kwalin. Yana da nauyi, da ƙafa na riƙa tura shi. Na shigar da shi ɗakina na cusa ƙarƙashin gado, na dawo na ɗauko kundin na ɗora a kai. Namiji ba ya shiga ɗakin mai takaba. Ranar kasuwa ƙanin mijina ya zo ya tarar da zaure wayam. Ya tsaya a tsakar gida ya yi ta magana. Na ce masa kaya suna nan ƙarƙashin gadona, in zai shigo ya ɗauka ga ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Sannan na ji tashin moto.

Washegari na shimfiɗa farar takarda a bakin ƙofa, wurin da muka saba zama. Na fara da masu sauƙi. Akwai waɗanda aka buga da sunan ƙasarmu alhali ba ta san da su ba, masu ƙyalli, da hoton tsuntsayen ƙanƙara da motocin tsere. Maigidana ya taɓa nuna mini irinsu cikin waɗanda ya yanke, na jera na ga su ne. Duk da haka da na ɗauki almakashin sai na kasa yanka. Ban taɓa yanka da kaina ba. Ni ina faɗin abin da na gani, shi yake yanka. Na ajiye, na tashi na sha ruwa, na dawo. Na yi bisimilla na cire kusurwar. Ɗan tsinin takardar ya faɗo a kan zanena, na tsaya ina kallonsa.

Daga nan aikin ya miƙe. Ƙwarya uku na ajiye: ta lafiyayyu, ta yankakku, da ta waɗanda ban tabbatar ba. Mai takaba ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, ba ta da inda za ta. Ina da safiya duka. Wani lokaci in ji bakina yana faɗa a fili, "Ɗigo ne," ko "Layi ne," sai in tuna ba mai amsawa. Matan da ke shigowa gaisuwa suna ganina da gilashi a ido ina shinshinar takarda, su kalli juna. Na ji an ce mutuwar ta taɓa mini kai. Na ci gaba da aikina.

Wata safiya ƙanin mijina ya shigo ba zato, ƙwaryar yankakku tana waje. Ta kusa cika. Ya durƙusa ya ɗebo da hannu, ya ga kowanne da kunne a cire.

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Dukiyar marayu kike yi wa kaciya da almakashin ɗinki?"

Na ce, "Wannan ba dukiya ba ce."

"Jiya dukiya ce! Jiya akwai mai saye!"

"Jiya ma ba dukiya ba ce, ba a dai sani ba."

Ya tashi ya fita. Bayan la'asar ya dawo da limamin unguwarmu, wanda shi ne zai raba gadon.

Liman dattijo ne, shi ya yi wa maigidana salla. Ya zauna a tabarma, ƙanin mijina ya zayyana ƙararsa. Ya ce ba a raba gado ba tukuna, ba ni da ikon taɓa komai, kuma abin da na yanka ba ya komawa. Ya ce ni ba ma'aikaciyar gidan waya ba ce, tela ce, wa ya ce na san na gaske da na ƙarya. Liman ya juyo wajen labule ya ce, "'Yata, me kika ce?"

Na turo faifai ta ƙarƙashin labulen da guda biyu a kai, masu hoto iri ɗaya, ɗaya daga kundi ɗaya daga kwali. Na ce ya shafa su. Ya shafa, ya ce shi bai ji bambanci ba, yatsunsa sun tsufa. Na ce to ya shinshina na hagu. Ya kai hanci, ya sake kaiwa.

Ya ce, "Wannan ai shayi ne. Na farko ma, mai ɗaci."

Ƙanin mijina ya ce, "Malam, kowa yana shan shayi, ƙila zuba ya yi."

Na turo wani, na ce ya juya bayansa ya ba dillali ya shafa ramukan, shi da yatsunsa ba su tsufa ba. Na turo da takardar da na bi da kekena. Ƙanin mijina ya shafa wannan ya shafa wancan. Ya ajiye su a kan faifan.

Liman ya ce shi bai san kan sarki ba, kuma ba zai ce ya sani ba. Abin da ya sani shi ne ba ya halatta a sayar da abu a ɓoye aibinsa, ko don marayu ne. Sannan ya ce mini ni ma in ji tsoron Allah: abin da na tabbatar jabu ne in yanka, amma wanda nake shakka ko kaɗan, in na sa masa almakashi na taɓa haƙƙin yara. Na ce na yarda. Na ce in aka taɓa samun na gaske a cikin yankakkun nan a cire daga tumunina na gado.

Sai na roƙi abu ɗaya. Na ce a kira alhajin Damagaram yanzu, a gaban Malam.

Ƙanin mijina ya ce, "Wannan kuma na mene ne? An ce ki yanka, ki yanka."

Na ce, "An gaya masa maigidana ya duba kwalin. Har yanzu haka ya sani."

Liman ya ce a kira. Salular ta shigo ta ƙarƙashin labule a kan faifai. Ban taɓa magana da mutumin ba. Na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya. Na ce, "Alhaji, kundin maigidana ne ya duba shi da kansa. Kwalin bai duba ba, Allah bai ba shi lokaci ba. Akwai jabu da yawa a ciki. Ni nake dubawa yanzu, kuma ni ba shi ba ce." Ya ce Allah ya jiƙan marigayi. Ya ce in haka ne maganar kwashe duka ta tashi, in na gama zai zo ya gani da idonsa, ya zaɓa.

Da na mayar da salular ƙanin mijina ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce, "Kin ji daɗi. Sai sunan yaya ya biya wa yaro lise."

Na ce, "Kekena zai biya abin da zai iya."

Daga ran nan ya daina shigowa. Geron bai daina zuwa ba, a amalanke ake kawowa a sauke a zaure. Amma ba ihu daga ƙofa, ba zancen wanke ƙafa. Ban san zan yi kewar wannan ba sai da na rasa shi. A gidan nan shi kaɗai ya rage mai irin muryar maigidana. Na karɓi ɗinki fiye da yadda idona yake so, safe gilashi, rana keke. Ɗanmu ya zo hutu ya ce kawunsa ya ce na fi son takarda da su. Na zaunar da shi na nuna masa ƙwaryar yankakku, na ce waɗannan za a sayar wa mutum da sunan ubanka. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya koma da takalman da ya zo da su.

Na kai ƙasan kwalin ana saura kaɗan in fita takaba. Jabu ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba. Ƙwaryar shakka na yi ta komawa kanta, ina jerawa da na kundi, yau in fitar da biyu gobe ɗaya, har ta ƙare. Sai na ɗaga matashi na ɗauko battar.

Na duba shi da safe, na duba shi da hantsi, na ɗaga shi a rana. Harufan suna da kaifi a wani gefe, a wani gefen tawadar ta ɗan bazu. Wata rana in ce injin ne, washegari in ce hannun mutum ne. Da na fita takaba na nemi tsohon Belbeji. Aka ce jikinsa ya yi rauni 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Yamai, kayansa kuma an raba wasu an bar wasu, ba wanda ya san inda kundinsa yake.

Alhajin ya zo kamar yadda ya ce. Ƙanin mijina ne ya rako shi, karonsa na farko a tsakar gidan tun ranar liman. Alhaji ya zauna da nasa gilashin ya zaɓi abin da ya zaɓa cikin lafiyayyun kwali, liman ya shaida, aka sa a gado. Kundin aka bar wa yara. Ya ga ƙwaryar yankakku, ya ɗauki ɗaya ya duba kusurwar, ya ce yankan marigayi ne sak. Sannan ya tambaya ko gaskiya ne akwai wani mai raƙumi. Na buɗe battar na aza masa a farar takarda. Ya daɗe a kansa. Ya ce shi ma ba zai rantse ba, amma yana so.

Ya ce, "Hajiya, ba sai kin ce komai ba. A aljihunsa aka same shi, wannan ya isa."

Na ce, "Yana aljihunsa ne don bai sani ba. Da ya sani, da yana kundi ko yana ƙwarya."

Ya ce zai saya a kan shakkar, shi ya ji ya gani. Na ce na yarda da shi, amma ban san wanda zai karɓa daga hannunsa ba, ko daga hannun magadansa. Ran da ya bar gidan nan da kunnensa lafiya, abin da za a ce shi ne daga Tanut ya fito. Ba wanda zai ƙara da cewa ba a gama duba shi ba.

Ƙanin mijina ya buga cinya. Ya ce, "To yanke shi mu huta!"

Na ce, "Malam ya hana. Ban tabbatar ba."

"Ba ki sayar ba, ba ki yanka ba. Jiƙa shi za ki yi ki sha?"

"In na jiƙa zan aiko maka da naka kofin."

Ya dubi alhaji ya ce, "Ka gani? Yaya ya mutu ya bar mu da wadda ta fi shi taurin kai." Muryarsa ta karye a kan kalmar yaya, ya juya ya fita zaure wai zai duba moto. Yanzu yana shigowa jefi-jefi. Wani lokaci ya yi ihun daga ƙofa, wani lokaci ya yi sallama. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaya ko raƙumin ya haihu.

Na sa ɗanmu ya aika hoton kan sarkin ga abokan ubansa ta salula. Biyu sun ce na gaske ne, ɗaya ya ce jabu ne, duka ukun sun ce hoto ba ya isa, sai an jera shi da wani a hannu. Har yau ban sami wanda zan jera shi da shi ba. Yana cikin battarsa a ƙarƙashin matashina, bai shiga kundi ba, kuma ban yanke masa kunne ba.